Kura da Shan Bugu: Lissafin Hayaƙin Duniya da Rabon Nijar

A shekara ta 1990 ƙasashen duniya baki ɗaya sun tura iskar kabon da ta kai wajen ton miliyar 22 zuwa sararin samaniya, ta hanyar ƙona kwal da man fetur da gas da kuma gasa siminti. Shekara biyu bayan haka shugabanni suka hallara a birnin Riyo na ƙasar Barazil, suka sa hannu ga yarjejeniyar da ta ce wajibi ne a taka wa wannan hayaƙi birki. A shekara ta 2024 adadin ya haura ton miliyar 37. Watau a cikin shekarun da aka kwashe ana tarurruka, ana jawabai, ana ɗaukar hotuna, abin da aka yi alkawarin ragewa ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Raguwa mafi girma da aka gani ita ce ta shekara ta 2020, kimanin kashi 5 bisa ɗari, kuma annobar korona ce ta kawo ta lokacin da ta tsare jirage a ƙasa ta rufe masana'antu. Da aka buɗe ƙofofi sai hayaƙin ya koma inda yake, har ya zarce.

Ya kamata a fayyace abin da ake magana a kansa, domin an daɗe ana jifan jama'a da manyan kalmomi a rediyo ba tare da bayani ba. Duk abin da aka ƙona, itace ne ko gazuwal, yana fitar da wata iska marar launi marar wari. Iskar nan ba ta hana hasken rana saukowa, amma tana tare wani sashe na zafin da ƙasa ke maidawa sama, kamar yadda ɗakin kwano ke riƙe zafin yini har tsakar dare. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar da ake shaƙa akwai kimanin kashi 280 na kabon. Da aka soma awo na dindindin a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawai a 1958, an tarar da 315. Yau an wuce 420. Abin da ya fi muni shi ne iskar ba ta watsewa kamar hayaƙin murhu: wani kaso nata yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, kuma iska ba ta tsayawa a bakin iyaka ta nuna takardu. Abin da aka ƙona a Shangai ko a Teksas yana ɗumama Tanut da Filinge daidai da yadda yake ɗumama masu shi. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubuta awo, da ƙarin wajen digiri ɗaya da rabi bisa ga abin da aka sani kafin masana'antu.

Asalin hayaƙin ba ɓoyayye ba ne. Kwal shi kaɗai yana ɗauke da kimanin kashi 40 bisa ɗari, kuma galibinsa a tashoshin lantarki ake ƙona shi. Man fetur na biye, sa'annan gas. Narka ƙarfe da gasa siminti kowannensu na da kashi 7 zuwa 8. Ta fuskar ƙasashe kuwa, Sin ce kan gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku na jimillar duniya, tun da ta sha gaban Amurka a wajen 2006. Amurka na da wajen kashi 13, Indiya wajen 8, Tarayyar Turai ƙasa da haka kaɗan. Nahiyar Afirka ɗungurungum, mai mutum sama da miliyar ɗaya da miliyan 400, kasonta bai wuce 4 bisa ɗari ba.

Nijar fa? Abin da take fitarwa ta hanyar man fetur da kwal da siminti kimanin ton miliyan 3 ne a shekara. Duniya tana fitar da fiye da ton miliyan 4 a cikin awa guda. Ma'ana, hayaƙin Nijar na wata goma sha biyu, da motocinta da baburanta da kamiyoyin da ke jigila tsakanin Gaya da Arlit da injinan wutar ofisoshinta, bai kai na awa ɗaya na duniya ba. Ba'amurke guda yana fitar da wajen ton 14 a shekara. Ɗan Nijar kashi ɗaya cikin goma na ton. Abin da ɗan Nijar zai fitar daga wannan damina zuwa waccan, Ba'amurke ya gama da shi cikin kwana uku. Gaskiya ne wannan lissafi bai ƙunshi itacen girki ba, bai kuma ƙunshi iskar da garkunan shanu ke fitarwa ba. Ko an haɗa da su, tazarar ba ta rufuwa.

Akwai kuma tsohon bashi. Da yake iskar taruwa take yi, wanda ya daɗe yana ƙonawa ya fi nauyi a wuya. Amurka ita kaɗai tana da alhakin kusan rubu'in duk abin da aka tara tun daga tsakiyar ƙarni na 19, Turai kuma na biye da ita kusa da kusa. Da wannan take kafa hujja Sin, tana cewa ita sabuwar shiga ce, kuma wani sashe na hayaƙinta na kayan da wasu ke saye ne. A nan ba ta yi ƙarya ba: babur da wayar hannu da kwanon rufi da ke jibge a kasuwar Maraɗi can aka ƙera su, can kuma aka rubuta hayaƙinsu. Amma ƙasar da kowane ɗanta ke fitar da ton 8 ko fiye a shekara, watau sama da ɗan Tarayyar Turai, ba ta da damar ci gaba da fakewa a layin matalauta duk lokacin da aka zo maganar biya.

Tarihin alkawurra kuwa gajere ne, ko da yake shekarunsa na da yawa. A Kiyoto, a 1997, aka ɗora wa ƙasashe masu masana'antu wajibcin ragewa. Amurka ta sa hannu, majalisarta ba ta taɓa amincewa ba, a 2001 kuma ta juya baya. A Kofanhagan, a 2009, aka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara kafin 2020. Su kansu masu bayarwa sun ce sai a 2022 aka cika adadin, kuma kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin gwamnatoci da aka lissafa rance ne, da za a biya. A Paris, a 2015, aka amince a tsare ɗumamar ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin tsayawa a ɗaya da rabi. Amurka ta fita a 2020, ta dawo a 2021, a watan Janairu na 2025 shugabanta ya sake sa hannu a takardar ficewa. A Sharm El Shek, a 2022, aka yarda da kafa asusun biyan ɓarna da asara. Da aka zo Dubai a 2023 abin da aka yi alkawarin zubawa cikinsa wajen dala miliyan 700 ne, a ciki Amurka ta ce za ta ba da miliyan 17 da rabi. A 2022 kamfanin man Saudiyya shi kaɗai ya ci ribar dala miliyar 161. A Baku, a 2024, ƙasashe masu tasowa sun nemi miliyar 1300 a shekara, aka sallame su da alkawarin miliyar 300 kafin 2035.

Yayin da ake wannan ciniki, ɓarnar ba ta jira ba. A farkon watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na Mali, cikin azumi, kuma masana da suka bi diddigin wannan zafi da ya mamaye Sahel sun ce da ba domin ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba da bai kai haka ba. Watanni kaɗan bayan nan sai ruwa. Ka'idar sananniya ce: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 bisa ɗari, saboda haka in hadari ya haɗu yakan sauke a cikin ƴan sa'o'i abin da a da yake rabawa cikin makonni. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. Komawa makarantu da aka shirya a farkon Oktoba sai da aka ɗage zuwa ƙarshen watan, domin azuzuwa sun rushe ko kuma sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. Dattawan da suka ga farin 1973 da yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, sun san azabar rashin ruwa. Ƴaƴansu na koyon azabar yawansa. Har ma waccan tsohuwar masifa, binciken masana da dama ya nuna cewa ƙurar farar wuta da masana'antun Turai da Amurka ke watsawa a lokacin ta taimaka wajen janye damina daga Sahel. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani abin takaici da ya keɓanta da Nijar. Faransa na alfahari da cewa lantarkinta na cikin masu ƙarancin hayaƙi a Turai, domin wajen kashi biyu cikin uku nasa daga tashoshin nukiliya yake fitowa. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, daga 1978 zuwa 2021 kuma a Akokan, wani kaso mai tsoka na abin da ya kunna waɗannan tashoshi daga ƙarƙashin Ayar ya fito. Su ma'adinan kuwa da wutar kwal ɗin Anu Araren aka tafiyar da su, wadda kamfanin SONICHAR ke samarwa tun 1981 da injuna biyu da ba su kai megawat 40 ba. Watau an ƙona kwal a Cirozerin domin sararin Paris ya tsarkaka, ƙasar da ta ba da ma'adinin kuma har yau mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. Sa'annan a taron Gilasgo na 2021 ƙasashen Turai da dama suka sanar cewa za su daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan kwal da mai da gas na ƙetare. Shekara guda bayan haka, da yaƙin Yukiren ya tsuke musu bututun Rasha, Jamus ta maido da tashoshin kwal da ta ajiye, ministoci kuma suka bazu Afirka neman gas. Duk wanda ya ga wannan yana da uzuri in ya toshe kunne ga wa'azin masu ƙarfi.

Sai dai laifi tudu ne. Adalcin wannan ƙorafi ya zama wa mahukuntan Sahel wata inuwa mai daɗi, inda kowace gazawa ake ɗora ta a kan sauyin yanayi. Hayaƙin Sin ba shi ne ya yanka filaye a cikin kwari da bakin gulbi ya sayar wa mutane da hatimin hukuma ba. Ba Amurka ce ta bar magudanan ruwa cike da leda da yashi har hadari ya taso ba. Kogin Kwara ya yi ambaliya mai tarihi a Yamai a 2020. Shekara huɗu ta isa a ɗauki darasi. Dam ɗin Kandaji, wanda aka tsara zai ba da megawat 130 ba tare da hayaƙi ba, ana maganarsa tun shekarun 1970, shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashinsa a 2008, an sake ƙaddamar da aikin a 2019, har yanzu bai kunna ko ƙwai ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati da ya shiga aiki ranar da aka fara zancen ya riga ya yi ritaya.

Watan Agusta na 2023 ya tona asirin wannan sakaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take turowa, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 bisa ɗari na abin da NIGELEC ke rabawa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Sai bayan ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024 aka maido ta. A tsakani, tela da mai walda da mai ƙanƙara da mai injin niƙa sun ga ta kansu, asibitoci sun dogara ga injin gazuwal, ofisoshi sun yi aiki rabi da rabi. Tun daga nan maganar wadatar da kai da lantarki ta zama maganar ƴancin ƙasa, kuma idanu suka sake komawa kan kwal ɗin Salkadamna a jihar Tawa, inda aka ƙaddamar da aiki tun 2014 ba tare da an ga tasha ba.

Ta fuskar haƙƙi, babu wanda ke da bakin hana Nijar ƙona kwal ɗinta. Tashar kwal tana fitar da wajen kilo ɗaya na kabon a kan kowane kilowat na awa guda. Tasha mai megawat 600, irin wadda aka daɗe ana ambata, in ta yi aiki yadda ya kamata za ta fitar da wajen ton miliyan 4 a shekara. Hakan zai ninka hayaƙin ƙasar, amma duk da haka jimillar ba za ta kai na awa biyu na duniya ba. Tambayar da ta dace ta ɗan kasuwa ce: da wane jari, a kan wane ruwa, kuma nawa kilowat zai tsaya? Bankin Duniya ya taƙaita ba da rance ga kwal tun 2013, shugaban Sin ya sanar a Satumban 2021 cewa ƙasarsa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a waje. Wanda ya rage ya ba da bashi zai tsawwala riba, kuma mai biyan takardar wuta a ƙarshen wata shi zai ɗauka. Tashar kwal tana shan ruwa mai yawa, a yankin da makiyayi da manomi ke layi a bakin rijiya. Wannan ma yana bukatar amsa a rubuce kafin a haƙa rami. A ɗaya gefen, kuɗin farantan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 bisa ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma Sin ɗin nan mai ƙona rabin kwal ɗin duniya ita ce ke kafa su fiye da kowa, don lissafi ya nuna mata riba. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, daidai lokacin da aka fi bukatarta, sun nuna abin yana yiwuwa. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL lokacin da duniya ke yi wa fannin kallon wasa, bai kamata a ce megawat ɗinta na rana ana ƙirga su da yatsu ba. Rana tana faɗuwa, gaskiya ne, batir kuma na da tsada. Shi ya sa ake bukatar Kandaji, shi ya sa kuma wani ɗan kaso na kwal ko gas zai iya samun gurbi domin dare. Amma a gina makomar shekara arba'in kacokan a kan kwal, don kawai a huce haushin Turai, ciniki ne da jikoki za su biya.

Man fetur ma yana da nasa lissafi. Matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011 da ganga 20,000 a rana, bututun Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, an tsara shi ya fitar da ganga 90,000 a rana, kuma jirgin farko ya yi lodi a 2024. Kowace ganga in an ƙona ta tana ba da fiye da kilo 400 na kabon. In bututun ya yi aiki cikakke, man Nijar zai fitar da wajen ton miliyan 14 a shekara a ƙasashen da suka saya, ninki huɗu ko fiye na hayaƙin cikin gida. Saboda haka baitulmalin ƙasar ya shiga sahun masu fatan duniya ta ci gaba da ƙonawa, alhali gonakinta na cikin masu fatan ta daina. Wannan ba abin kunya ba ne, amma abin lura ne: kasuwar nan tana da wa'adi, ko da babu wanda ya san ranarsa, kuma kuɗin da aka samu a cikinta in ba su zama dam da layin wuta da magudanan ruwa ba, za su bi hanyar kuɗin uraniyom na ƙarshen shekarun 1970. Ƴan kasuwa kuma su sa ido: tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta soma wani tsari na awon hayaƙin da ke cikin siminti da ƙarfe da taki da gorar ruwa da ake shigar mata, da nufin karɓar kuɗi a kansa a bakin iyaka. Yau bai taɓa albasar Galmi ko waken Maraɗi ba, amma duwan in ta samu sabuwar ƙofa ba kasafai take tsayawa a kaya huɗu ko biyar ba.

Nijar tana da abin da za ta ɗora a kan tebur wanda ba roƙo ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a cikin gonaki, har aka ƙiyasta cewa sun maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba da kuɗin wani asusu ba. Itatuwan nan suna zuƙe kabon, kuma a yau akwai kasuwar da kamfanonin ƙetare ke sayen irin wannan zuƙa domin su rage nasu lissafi. Kafin wani ya zo da jaka da takarda ya sayar da inuwar gawon manomin Agiye ko na Matamai a Landan, wajibi ne doka ta faɗi ƙarara wane ne mai itacen, wane ne mai kuɗin, kuma kowace yarjejeniya a buga ta a fili da Hausa da Zabarmanci yadda mai gona zai ji.

Haka nan kuɗin yanayi da suka riga suka shigo. Kaɗan ne bisa ga alkawari, amma ba sifiri ba ne, kuma jama'a na da haƙƙin ganin jadawalinsu: nawa aka karɓa, nawa ne kyauta, nawa ne bashi, nawa ya tafi ga tarurrukan otal da kuɗin zama da motocin ayyuka, nawa ya zama rijiya ko datsi. Tawagar da ke tafiya taron duniya kowace shekara ita ma ta bayyana sunayen membobinta da abin da aka kashe mata, ta kuma dawo ta yi bayani a gidan rediyo. Magadan gari da gwamnonin jihohi kuwa aikinsu ya fi kusa: taswirar unguwannin da ruwa ya ci a 2020 da 2024 tana hannunsu, sunayen waɗanda suka raba filayen na cikin rajistocinsu, kuma tsakanin ƙarshen kaka da saukar ruwan fari akwai wata bakwai cur na yashe magudanai.